Na daina ganin kafar allura: tabarau ne mafita ko aikin leza?

"Assalamu alaikum, Likita. Ni tela ne a Zariya, shekaruna 46. Tun bara na fara kasa zira zare a allura sai na kira yaron shago, kuma idan zan karanta saƙo a waya ko ƙananan rubutun Alƙur'ani sai na miƙa hannu nesa. Na sayi tabarau a kasuwa, yana taimaka mini, amma abokaina suna cewa zai kashe mini ido, wai wanda ya fara sawa ba ya rabuwa da shi. Wani kuma ya ce akwai aikin leza da ake yi mutum ya rabu da gilashi har abada. Sannan mahaifiyata yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara, tana tsoron tiyata, har an kawo mana maganar wani mai maganin gargajiya da ke kawar da yana da tsinke a gida. Mahaifinmu ma ya makance kafin rasuwarsa, ba mu san dalili ba. Me ya kamata in yi?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Hajiya lafiya. Idan na fahimci wasiƙarka daidai, abubuwa uku kake son sani: ko tabarau na kasuwa yana lalata ido, ko leza za ta raba ka da shi, da kuma ko a bar mai tsinke ya taɓa idon Hajiya. Zan amsa su duka, amma a wurina maganar da ta fi nauyi ita ce wadda ka ajiye a ƙarshe, wato makancewar mahaifinku da ba a san dalilinta ba. Saboda ita zan dage a kan cewa kafin ka sake sayen wani gilashi, a fara duba cikin idonka.

Domin amsar ta zauna, ya kamata a san hanyar da gani yake bi. Haske yana fara ratsa fatar nan mai sheƙi da ke gaban baƙin ido, wadda likitoci ke kira koniya, ya shige ta ɗan ramin tsakiya, ya tarar da wata ƙwaya garai-garai da zan riƙa kira madubin cikin ido. Koniya da madubin nan su ne ke tattara hasken su sauke shi daidai a kan shimfiɗar da ke bayan ido, wato retina, ita kuma ta aika saƙon zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar gani. Duk wanda ya ce ba ya gani sosai, matsalarsa tana ɗaya daga waɗannan wurare, kuma maganin wani wuri ba ya aiki a wani. Tabarau da aikin leza da abokinka ya ambata suna gyara tattara haske ne kawai. Tiyatar yana tana canza madubin da ya dushe. Jijiyar gani kuwa, idan ta mutu, har yau babu gilashi ko tiyata ko maganin ɗigawa da ke farfaɗo da ita.

Abin da ya hana ka ganin allura

Abin da ka bayyana ya yi daidai da raunin ganin kusa da ke zuwa da shekaru. A lokacin ƙuruciya madubin cikin ido yana da laushi, kuma wata 'yar tsoka da ke kewaye da shi tana sa ya ƙara kauri idan za a kalli abu na kusa, ya koma yadda yake idan an ɗaga kai an kalli nesa. Da tafiyar shekaru madubin yana tauri sannu a hankali, kuma wajen shekara 40 zuwa 45 ne taurin yake kaiwa inda mutum zai fara miƙa hannu da takarda. Ɗinki bai jawo maka wannan ba, kallon waya ma bai jawo ba. Manomin da bai taɓa riƙe allura ba shi ma yana samunsa, sai dai bai cika lura ba sai ranar da ya zo cire ƙaya a ƙafa.

Gyaransa shi ne gilashi mai alamar ƙari a lambarsa. Yawanci ana farawa da +1.00, mai shekarunka yakan buƙaci wajen +1.50, kuma lambar tana hawa har ta tsaya kusa da +2.50 wajen shekara 60. Daga nan maganar abokanka ta samo asali. Mutum ya fara sa tabarau yana da shekara 45, bayan 'yan shekaru ya ga tsohon bai ishe shi ba, sai ya ɗora wa gilashin laifi, alhali taurin madubin ne ke ci gaba, kuma da zai ci gaba ko da bai taɓa sa komai ba. Sannan wanda ya saba da gani tangararan, idan ya cire gilashin, dishi-dishin da a da yake haƙuri da shi sai ya zame masa abin damuwa. Ƙin sa tabarau ba ya ƙarfafa ido. Abin da yake jawowa shi ne ciwon kai da yamma da ɗinkin da layinsa ya karkace.

Tabarau na kasuwa ba ya cutar da ido, kuma ban ga dalilin da zai sa ka jefar da naka ba. Bambancinsa da wanda aka yi maka a asibiti shi ne bambancin rigar da aka ɗinka aka rataye don duk wanda ta zo daidai, da wadda ka auna mutum ka yanka masa. Na kasuwa lamba ɗaya ce a ido biyu, alhali mutane da yawa idanunsu ba su zo ɗaya ba. Ba ya gyara matsalar wanda koniyarsa ba ta gantsare daidai ta kowane gefe ba, wanda rubutu ke yi masa inuwa ko fitilun mota ke yi masa jela da dare. Tsakiyar gilasan kuma ba lallai ta dace da tazarar da ke tsakanin idanunka ba, abin da kan sa jiri ko nauyin goshi bayan an daɗe ana aiki. Idan za ka zaɓa, ka tafi da allurarka da zare, ka riƙe su a tazarar da ka saba aiki, ka ɗauki lamba mafi ƙaranci da ta nuna maka kafar sarai. Telolin da ke zuwa wurina nakan tambaye su tazarar idonsu da ƙafar keken ɗinki kafin in rubuta lamba, domin mai aikin hannu yakan matso da abu kusa fiye da mai karanta jarida. Kada ka tuƙa mota ko mashin da shi, domin yana dusar da nesa. Wanda ba ya son sawa da cirewa, akwai gilashi mai hawa biyu, sama na nesa ƙasa na kusa, akwai kuma wanda lambarsa ke sauyawa a hankali daga sama zuwa ƙasa ba tare da layi ba, sai dai ya fi tsada kuma yana buƙatar sabo. Ƙarin haske a kan keken ma yana rage wahalar sosai.

Illar tabarau na kasuwa guda ɗaya ce da nake jin tsoro: mutum ya sa, ya ga rubutu ya fito, sai ya ɗauka idonsa lafiya ƙalau, ya ƙara shekara goma ba wanda ya leƙa ciki.

Maganar mahaifinku

Ba zan iya cewa ga abin da ya makantar da shi ba, amma idan dattijo ya makance sannu a hankali, ba ciwo, baƙin idonsa bai yi fari ba, abin da likitan ido ke fara zargi shi ne gilakoma, wadda aka fi sani da hawan jinin ido. A cikin ido akwai wani ruwa da ake samarwa kullum yana fita ta wata siririyar magudana. Idan fitar ta ragu, matsin cikin ido yakan hau, ya riƙa kashe zaren jijiyar gani kaɗan-kaɗan. Ana ɗaukar 10 zuwa 21 a ma'aunin matsin ido a matsayin daidai, ko da yake akwai masu cutar da matsinsu bai wuce haka ba, shi ya sa awon matsi shi kaɗai bai wadatar ba. Awon jini da ake yi a damtse kuma ba ya nuna ta ko kaɗan.

Cutar tana fara cin gefe-gefen gani ne, ta bar tsakiya sai ƙarshe. Mutum yana iya karanta ƙaramin rubutu da tabarau ɗinsa, yana zira allura, alhali fiye da rabin jijiyar ya tafi. Abin da iyali ke fara lura da shi shi ne yana tuntuɓe da buta, ko mashin ya zo ta gefensa bai gani ba, kuma a lokacin an riga an makara. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya duba mutane sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya gano cewa kimanin mutum 1 cikin 20 a wannan rukunin yana da gilakoma, kuma mafi yawansu nesa ba kusa ba ba su san suna da ita ba. Ita ce ta biyu a jawo makanta bayan yana. Tana bin dangi, ta yadda 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita sun fi sauran mutane haɗari ninki-ninki, kuma a baƙar fata takan fara da wuri ta kuma yi sauri.

Don haka idan ka je asibiti, ka faɗa musu da bakinka cewa mahaifinka ya makance, ka nemi abubuwa uku bayan awon tabarau: awon matsin ido, duba jijiyar gani, da gwajin faɗin gani idan likita ya ga alamar da ta sa shi shakka. Za a iya ɗiga maka maganin buɗe baƙin ido, wanda zai sa ganin kusa ya dushe kuma hasken rana ya dame ka na wasu awanni, saboda haka kada ka karɓi ɗinkin gaggawa a ranar, kada kuma ka je a kan mashin ɗinka. Yayyenka da ƙannenka da suka kai shekara 35 zuwa 40 su ma su je. Idan ba a ga komai ba, a sake dubawa duk shekara ɗaya ko biyu. Idan an gani, maganin yana tsare abin da ya rage ne, ta hanyar maganin ɗigawa irin su timolol da latanoprost, ko wani nau'in leza na magudanar, ko tiyatar buɗe wa ruwan sabuwar hanya. Mai asma ya gaya wa likita kafin a ba shi timolol. Babbar matsalar da nake fama da ita a wannan cuta ita ce mara lafiya ya ɗiga kwalba ɗaya, bai ga ganinsa ya ƙaru ba, sai ya daina, alhali maganin na tsawon rai ne. Wasu kuma suna ajiye shi duk watan azumi. Wannan yana da mafita, domin na sau ɗaya a rana da dare ake ɗigawa, na sau biyu kuma ana iya yinsa da sahur da bayan buɗa-baki, sannan danna gefen ido ta wajen hanci na minti ɗaya ko biyu yana rage saukar maganin zuwa maƙogwaro. Hukuncin azumin kuwa na malamai ne.

Leza da gilashin mannawa

Aikin da abokinka ya ji labari shi ne LASIK da danginsa irin su PRK da SMILE. Ana amfani da leza a sassaƙe koniya kaɗan domin a canza gantsarewarta. Yana aiki da kyau ga matashin da ya wuce shekara 18, wanda ba ya ganin nesa sai da gilashi mai alamar ragi, lambarsa ta tsaya cak aƙalla shekara guda, koniyarsa kuma tana da kauri da lafiya. Kai kuwa taka matsalar tana madubin ciki, leza ba ta mayar masa da laushi. Wanda aka yi wa LASIK yana da shekara 25 ma zai nemi tabarau na karatu idan ya kai shekarunka. Akwai dabarar gyara ido ɗaya don nesa ɗaya don kusa, wasu suna jin daɗinta, amma tana rage iya auna zurfi da tazara, kuma ba zan ba tela shawararta ba. Ga tsada, ga bushewar ido da kan biyo baya, wadda ƙurar hunturu ke tsanantawa. A ra'ayina, kashe kuɗi masu yawa da taɓa lafiyayyen ido don guje wa gilashin da kake sawa lokacin aiki kawai ba ciniki ba ne.

Gilashin da ake mannawa a kan ƙwayar ido shi ma bai dace da kai ba. Yana buƙatar tsafta mai tsanani, ba a kwana da shi, ba a bari ruwan famfo ko na rijiya ya taɓa shi, kuma mai alwala sau biyar a rana a cikin ƙura da zaren shago zai sha wahala. Masu launi da amare ke saya don kwalliya ba tare da awo ba sun sha kawo mana gyambon koniya, wanda idan ya warke yake barin hakiya.

Idon Hajiya

Yana dushewar madubin cikin ido ce, yawanci saboda tsufa, ciwon suga kuma yana gaggauta ta. Babu maganin ɗigawa ko na sha ko tozali da ke narkar da ita. A binciken da na ambata, ita ce sanadin kashi 43 cikin 100 na makanta, kuma ita ce makantar da aka fi samun nasarar warkarwa.

Abin da mai tsinke yake yi shi ne ya soki ido ya tura madubin da ya dushe ya faɗa can bayan ido. Haske yana shiga nan take, tsohuwa ta ga inuwar jikokinta, mutane su yi kabbara, shi kuma ya karɓi kuɗinsa ya bar gari. Amma idon ya rasa madubin da ke tattara haske, ba zai ga komai sarai ba sai da gilashi mai kauri ƙwarai, wajen +10.00, wanda ba ya bayarwa. Madubin da aka tura yana nan a ciki yana jawo kumburi da hawan matsi, retina tana iya ɓallewa, tsinken kuma yana iya shigar da ƙwayoyin cuta da ke cinye ido cikin kwanaki. Wancan binciken ya nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka yi wa aikin yana a ƙasar ta wannan hanyar aka yi musu, abin ya fi yawa a Arewa, kuma kusan uku cikin huɗu na waɗannan idanun an same su a makance. Tun kimanin shekara 1,000 da suka wuce likitan ido Ammar al-Mausili ya bayyana hanyar zuƙo yana waje da allura mai rami maimakon tura ta ciki, wato likitocin Musulmi na da can ma sun nemi abin da ya fi tsinke. Idanun da aka soka da suke zuwa wurina, sau da yawa abin da ya rage in yi shi ne rage ciwo. Ina roƙonka kada ku yarda.

Tiyatar asibiti tana fitar da madubin gaba ɗaya ta wata 'yar ƙaramar kafa, a dasa na roba garai-garai a gurbinsa, wanda aka auna lambarsa daidai da tsawon idonta. Wani likita ɗan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara dasa irin wannan madubi a Landan a 1949, kuma yau yana cikin tiyatar da aka fi yi a duniya. Ba a sa mutum barci, zafin ido kawai ake kashewa da allura ko maganin ɗigawa, aikin yakan ɗauki minti 15 zuwa 30, washegari a cire bandeji. Ki kwantar da hankalinki, Hajiya, ba a ciro ido waje a wanke a mayar kamar yadda ake faɗa, yana wurinsa ake aikin. Ba sai an jira yana ta nuna ba. Da zarar ta hana mutum harkokinsa lokaci ya yi, kuma wadda ta daɗe ƙwarai tana iya kumbura ta tayar da matsin ido. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna tana kusa da ku, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a Kano kuma akwai asibitin ido na ECWA da na Makkah.

Kafin aikin za a auna suga da hawan jininta, a haska mata fitila a ga ko idon yana gane haske da inda yake fitowa. Wannan gwajin ne ke ba da alamar ko bayan idon yana da rai, domin idan akwai gilakoma ko lahanin suga a ɓoye a bayan yanar, ganin ba zai dawo yadda ake fata ba, kuma likitan kirki zai faɗi haka tun kafin ya fara. Bayan aikin akwai maganin ɗigawa na makonni, ba a murza idon, ba a bari ruwa ko hayaƙin murhu ko kwalli ya shiga. Tambayar da tsofaffi suka fi yi mini ita ce ta sujada. Nakan ce su yi sallah a zaune da ishara na kwanakin farko har likitan da ya yi aikin ya duba ya ba da izini. Za ta iya buƙatar tabarau na karatu daga baya. Wasu kuma bayan watanni ko shekaru ganin yakan sake dushewa, su ce yana ta dawo, alhali jakar da aka dasa madubin a ciki ce ta yi duhu, kuma ana share ta da leza cikin 'yan mintoci ba tare da yanka ba.

Tunda kai da ita za ku fara hulɗa da magungunan ido, ka kiyayi abu ɗaya: maganin ɗigawa mai sinadarin dexamethasone ko betamethasone da ake saya a kemis don jan ido da ƙaiƙayi. Yana kwantar da ja cikin sauri, shi ya sa ake son sa, amma yawan amfani da shi ba tare da kulawar likita ba yana tayar da matsin ido yana kuma kawo yana, kuma mai tarihin gilakoma a gida ya fi kowa saurin kamuwa. Haka kuma ka kiyayi ruwan suga da nono da fitsari da ake zubawa a ido lokacin apolo.

Duk abin da na faɗa a kan idonka na gina shi ne a kan bayaninka, ban duba ka ba, kuma ciwon suga da ba a gano ba shi ma yana sa lambar ido ta riƙa hawa da sauka, don haka a haɗa da awon suga. Ranar zuwa ku tafi tare da Hajiya da sassafe, ka ɗauki tabarau ɗin da ka saya da duk kwalaben magani da ɗayanku ke amfani da su. Idan kuwa kafin ranar ɗayanku ya ji ciwon ido mai tsanani da ja da tashin zuciya, ko gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ya ga walƙiya da baƙaƙen ɗigo masu yawa sannan wani duhu yana rufo gefe ɗaya, ko tsinin allurar keke ya karye ya faɗa maka a ido, wannan na zuwa asibiti ne a ranar, ba tare da an ɗiga komai ba.